Sharhi: Ofisoshi na bar wa Excel lissafi yana yi da kansa, amma wa ke duba sakamakon?

A ranar Lahadi 4 ga watan Oktoban 2020, gwamnatin Birtaniya ta sanar cewa an samu ƙarin mutum 22,961 da suka kamu da cutar korona. Adadin ya ninka abin da ake sanarwa a kwanakin da suka gabata kusan sau uku.

Cutar ba ta ɓarke dare ɗaya ba. Sakamakon gwajin mutum 15,841 da aka tabbatar sun kamu tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba ne ya salwanta a hanya, kafin daga baya a gano shi a zuba cikin alƙaluman ƙarshen mako.

Inda ya salwanta kuwa shi ne cikin manhajar Excel, wadda ma'aikata ke buɗewa kullum domin lissafin albashi da kayan sito da sakamakon jarrabawa.

Shekara biyar bayan wannan lamari, batun ya sake tasowa ta wata fuskar. A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina fitar da gyare-gyaren tsaro ga Office 2016 da Office 2019. Kafin nan ya toshe ƙananan umarnin da ake kira makro a fayilolin da ke zuwa daga intanet, sannan yana tura masu amfani da manhajar zuwa ga sababbin hanyoyi da suka dogara da biyan kuɗin wata-wata da kuma ƙirƙirarriyar basira.

Duk waɗannan sauye-sauye sun shafi abu guda: aikin lissafin da mutane suka miƙa wa kwamfuta tana yi da kanta, ba tare da wani ya ga matakan da ta bi ba.

Me ya faru a Ingila?

A lokacin annobar, ɗakunan gwaji na aika sakamakonsu ga hukumar kula da lafiyar al'umma ta Ingila, PHE, a cikin fayiloli masu sauƙi na tsuran rubutu, waɗanda ba su da iyakar tsawo.

Hukumar ta tsara wata hanya da ke kwasar bayanan da kanta tana zuba su a jadawalin Excel, daga nan su wuce zuwa sashen da ke bibiyar mutanen da masu cutar suka yi mu'amala da su.

Sai dai waɗanda suka tsara aikin sun zaɓi tsohon samfurin fayil mai suna XLS, wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Sabon samfurin da ya zo da Excel 2007 na ɗaukar layi 1,048,576.

Da yake sakamakon mutum ɗaya na cin layuka da dama, kowane fayil na cika ne da kimanin mutum 1,400. Muddin masu kamuwa ba su da yawa, komai na tafiya daidai. Da cutar ta ƙaru a ƙarshen Satumba, sai fayilolin suka riƙa cika, abin da ya rage kuma ya riƙa zubewa ba tare da wata sanarwa ba.

Waɗanda aka yi wa gwajin sun samu sakamakonsu. Amma an ƙiyasta cewa kusan mutum dubu 48 da suka yi cuɗanya da su ba a tuntuɓe su a kan lokaci ba.

Sakataren lafiya na wancan lokaci, Matt Hancock, ya shaida wa majalisar dokoki washegari cewa bai kamata hakan ta faru ba.

Daga baya masana tattalin arziki biyu, Thiemo Fetzer da Thomas Graeber, sun kwatanta yankunan da kuskuren ya fi shafa da waɗanda bai shafa sosai ba. Sun ƙiyasta cewa jinkirin na da alaƙa da ƙarin kamuwar mutum fiye da dubu 125 da mutuwar fiye da 1,500. Hukumar ta nuna shakku kan wannan ƙiyasi, amma ba ta musanta cewa an yi kwana da kwanaki bayanai na zubewa ba tare da an lura ba.

Da a ce ma'aikaci ne ke kwafar bayanan da hannu, da wuya ya kasa lura cewa jadawali ya ƙare alhali saura aiki a gabansa.

Mene ne makro, kuma me ya sa ake son sa?

Makro jerin umarni ne da ake rubuta wa Excel domin ta maimaita wani aiki da kanta. Ma'aikacin da ke buɗe fayil goma kowace safiya yana kwafo alƙaluma yana tarawa, zai iya rubuta matakan sau ɗaya, daga nan ya riƙa latsa maɓalli guda aikin ya kammala.

Harshen da ake rubuta shi da shi, VBA, ya shigo Excel ne a 1993. Shekara 30 da ɗoriya ke nan bankuna da kamfanonin inshora da ma'aikatun gwamnati na gina ayyukansu a kansa.

Dalilin karɓuwarsa a fili yake, domin aikin hannu ma yana da tasa illar.

A 2012 bankin JPMorgan Chase na Amurka ya tafka asarar fiye da dala biliyan 6 a wasu hada-hada da ofishinsa na Landan ya yi. Rahoton binciken da bankin ya fitar a Janairun 2013 ya nuna cewa tsarin auna haɗarin hada-hadar na gudana ne a kan jerin jadawalin Excel da ake cikawa da hannu, ana kwafowa daga wannan ana liƙawa a wancan.

A wani gurbi kuma, maimakon a raba da matsakaicin lambobi biyu, sai aka raba da jimillarsu. Wannan ya sa haɗarin ya riƙa bayyana ƙasa da yadda yake.

Kuskuren jadawalin ba shi ne ya jawo asarar ba, amma ya taimaka wajen rufe idon masu sa ido.

Saboda haka masu cewa a bar wa kwamfuta aikin suna da hujja. Mutum na gajiya, hankalinsa na rabuwa, yatsansa na zamewa. Makro ba ya gajiya. Matsalarsa ita ce idan aka yi kuskure wajen rubuta shi, zai maimaita kuskuren kullum, da sauri, kuma a ɓoye.

Neman mafi araha

Akwai wani sashe na Excel da mutane da yawa ba su taɓa buɗewa ba, mai suna Solver. Kamfanin Frontline Systems ne ya ƙera shi, kuma yana tare da manhajar tun farkon shekarun 1990.

Aikinsa shi ne nemo mafi kyawun zaɓi a cikin zaɓuɓɓuka masu ɗimbin yawa. Ana ba shi abu uku: abin da ake son ragewa ko ƙarawa, kamar kuɗin kashewa ko riba, da lambobin da aka yarda ya jujjuya, da kuma sharuɗɗan da ba a yarda ya tsallake ba.

Masu haɗa abincin kaji na cikin waɗanda suka fi sanin amfaninsa. Masara na ɗauke da sinadarin furotin kimanin kashi 9 cikin 100, garin waken suya da aka tatse mansa kuma kimanin kashi 44. Kaza mai ƙwai na buƙatar wajen kashi 17.

Idan waɗannan biyun kaɗai za a haɗa, lissafin bai wuce takarda da biro ba: kusan kilo 77 na masara da kilo 23 na waken suya a kowane kilo 100.

Amma abincin kaji na gaske ya ƙunshi dusa da ƙuli-ƙuli da garin kifi da garin ƙashi da gishiri da sauransu. Kowanne da farashinsa, kowanne da iyakar da ba a so a wuce, ga kuma buƙatar ƙarfin abinci da sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon ƙwai. Nan ne biro ke gazawa. Solver kuwa na fitar da haɗin da ya cika dukkan sharuɗɗan a kan mafi ƙarancin kuɗi cikin ƙiftawar ido.

Wannan lissafi ya girmi kwamfutar tebur. A 1945 masanin tattalin arziki George Stigler ya nemi sanin abinci mafi araha da zai wadatar da mutum na shekara guda, daga cikin nau'in abinci 77. Da ƙiyasi ya kai ga dala 39.93.

A 1947 George Dantzig ya ƙirƙiro dabarar warware irin wannan matsala, wadda ake kira simplex. Da aka gwada ta a kan tambayar Stigler, ma'aikata tara ne suka zauna da na'urorin lissafi na hannu, aikin da jimillarsa ta kai kwana 120 na mutum ɗaya. Amsar da suka samu ita ce dala 39.69.

Dabarar Dantzig na nan cikin Solver har yau, kuma abin da ya ci wa ma'aikata tara makonni yanzu ba ya kai daƙiƙa guda.

Da irin wannan lissafi ne ake tsara wace mota za ta kai kaya wane gari, da yadda za a raba ma'aikatan jinya a kan aikin dare da rana, da yadda za a rarraba jari.

Inda makro ke haɗuwa da Solver

Solver na amsa tambaya ɗaya ne a lokaci guda. Farashin masara kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kamfanin da ke haɗa abinci iri goma, kuma yake son sanin yadda haɗin zai kasance a kan farashi iri 50, na buƙatar kunna shi sau 500.

A nan ne ake kiran makro. Ana rubuta umarnin da zai sa farashi na farko, ya kunna Solver, ya adana amsa, ya sa na biyu, haka har zuwa ƙarshe.

Sai dai wanda ya fara gwada hakan zai tarar da kwamfutarsa na jan ƙafa. Dalili shi ne duk lokacin da makro ya karanta gurbi ɗaya a jadawali ko ya rubuta a cikinsa, sai ya yi tafiya zuwa ga Excel ya dawo. Jadawali mai layi dubu 100 da gurbi 10 a kowane layi na nufin tafiya miliyan ɗaya, tamkar mai kwashe buhun gero daga shago zuwa mota da ludayi.

Maganin da ƙwararru suka daɗe da sani shi ne a ɗauke bayanan gaba ɗaya a tashi guda, a zuba su a wani jeri da ke zaune a ƙwaƙwalwar kwamfuta, a yi duk lissafin a can, sannan a mayar da sakamakon kan jadawali a tashi guda. Tafiya miliyan ɗaya ta koma biyu. Aikin da ke cin mintuna da dama kan iya komawa na daƙiƙoƙi.

Ana kuma ƙara gudun ta hanyar hana fuskar kwamfuta nuna sauye-sauyen da ke faruwa, da dakatar da lissafin da Excel ke sabuntawa da kanta duk lokacin da lamba ta sauya.

Shi Solver ɗin da ke zuwa da Excel ba ya aiki kai tsaye a kan jerin da ke ƙwaƙwalwa, dole sai an ajiye masa lambobinsa a gurabun jadawali. Ba ya kuma jujjuya lambobi fiye da 200 a matsala ɗaya. Shi ya sa makro ke zama ɗan aike tsakanin ɓangarorin biyu, yana shirya bayanai a ƙwaƙwalwa, ya sauke wa Solver abin da yake buƙata, ya kwashe amsa.

Inda gizo ke saƙa

Abin da ya sa jadawalin lissafi ya karɓu tun fitowar VisiCalc a 1979 shi ne komai na kan fuska. Akanta zai iya latsa kowane gurbi ya ga daga ina lambar ta fito. Duk dabarun ƙara gudu da aka lissafa a sama kuwa suna aiki ne ta hanyar ɗauke lissafin daga gaban ido.

Idan mutum ya kunna Solver da hannu, wani ɗan allo na fitowa ya gaya masa ko an samu amsa ko ba a samu ba. Makron da zai kunna shi sau 500 dole ya rufe wannan allo, in ba haka ba sai an latsa maɓalli sau 500.

Solver dai na mayar wa makron da wata lamba a kowane zagaye. Sifili na nufin an samu amsar da ta cika sharuɗɗa. Lamba 5 na nufin babu amsar da za ta iya cika su. Idan wanda ya rubuta makron bai umarce shi ya duba wannan lamba ba, zai kwashe duk abin da ya tarar a gurabun ya ajiye a matsayin amsa.

A misalin abincin kaji, hakan na iya zama haɗin da furotin ɗinsa bai kai ba, an buga shi a takarda tsaf kamar sauran. Mai gona ba zai gane ba sai ƙwai ya ragu.

Akwai kuma wani gajeren umarni a VBA da ke cewa idan an ci karo da kuskure a tsallake a ci gaba. Masu koyo na son sa saboda yana kawar da saƙonnin da ke katse aiki. Amma saƙon da aka kawar ɗin shi ne ƙararrawar.

Misali, idan aka ware wa ma'aunin ƙirga layuka ƙaramin nau'in lamba, ba zai wuce 32,767 ba. Ranar da bayanai suka zarce haka, makron zai tsaya ya yi ƙorafi, sai fa idan an riga an toshe masa baki. Wannan ɗan'uwan abin da ya faru a Ingila ne: iyaka ce da ba wanda ya tuna da ita sai ranar da aka kai gare ta.

Haka kuma, idan makro ya dakatar da lissafin da Excel ke yi da kanta sannan ya mutu a tsakiyar aiki, manhajar na iya zama a haka. Ma'aikaci zai sauya farashi, jimilla ta ƙi motsi, shi kuma bai lura ba. Sannan abin da makro ya goge ko ya sauya ba ya dawowa da maɓallin janye aiki da aka saba latsawa.

Na ƙarshe, ba kowace amsar Solver ce mafi kyau ba. A matsalolin da lissafinsu ba miƙaƙƙe ba ne, dabarar da yake bi kan tsaya a amsa mai kyau ta kusa da inda aka fara, alhali akwai wadda ta fi ta a can gaba. Sauya lambar farawa kaɗai na iya sauya sakamako.

Microsoft na ja da baya

Ban da kuskure, makro na da wata matsalar ta tsaro. Umarnin da zai iya buɗe fayiloli ya kwafi bayanai domin mai shi, zai iya yin hakan domin ɓarawo.

Tun a Maris ɗin 1999 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Melissa ta bazu a duniya ta cikin makron takardar Word, tana aika kanta ga mutum 50 na farko a jerin adireshin imel ɗin duk wanda ya buɗe ta. Shekaru bayan haka gungun masu kutse irin su Emotet sun riƙa aika takardun bogi masu kama da rasit, suna roƙon mai karɓa ya latsa maɓallin ba da izini.

A Fabrairun 2022 Microsoft ya sanar cewa zai toshe makro a duk fayil ɗin da ya zo daga intanet. Ya ɗan janye matakin bayan ƙorafin masu amfani da manhajar, sannan ya dawo da shi a watan Yulin shekarar.

A Agustan 2023 kuma ya sanar da shigar da harshen Python cikin Excel, wanda ke da kayan aikin lissafi da suka fi na VBA ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma lissafin ba a kan kwamfutar mutum yake gudana ba. Ana aika shi ne zuwa rumbunan kamfanin ta intanet, kuma sai mai biyan kuɗin Microsoft 365.

Ga ofis a Landan wannan ƙaramin sauyi ne. Ga ofis a Kano ko Maraɗi kuwa yana nufin dogaro da intanet marar yankewa da kuma kuɗin rajista da ba ya ƙarewa. A Najeriya, a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Akwai kuma dokar kare bayanai ta 2023, wadda ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasashen waje.

Shi kuwa tsohon makro na aiki ba tare da intanet ba, a kan tsohuwar kwamfuta. Wannan ne ya sa da wuya a rabu da shi nan kusa, kuma wannan ne ke sa ofisoshi da dama ci gaba da zama a kan Office ɗin da aka daina yi wa gyaran tsaro.

Masu aiki da waya su ma su sani cewa makron VBA ba ya aiki a manhajar Excel ta wayar hannu. Fayil ɗin zai buɗe, lambobin za su fito, amma na ranar da aka kunna makron a kwamfuta ne. Shugaban da ke duba rahoto a wayarsa na iya kallon alƙaluman makon jiya yana zaton na yau ne.

Ƙirƙirarriyar basira ta sauƙaƙa rubutawa

A da, rubuta makro sai wanda ya zauna ya koya. Tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, duk wanda zai iya bayyana abin da yake so zai iya samun umarnin a rubuce cikin daƙiƙoƙi, ya kwafa ya liƙa.

Wannan ci gaba ne ga ƙaramin ɗan kasuwa da ba shi da kuɗin ɗaukar ƙwararre. Sai dai yana ƙara yawan makron da masu shi ba za su iya karantawa ba. A da akan samu mutum ɗaya a ofis da ya san abin da ke cikin fayil ɗin, kuma ana shiga matsala ranar da ya bar aiki. Yanzu ana iya samun fayil ɗin da tun farko babu wanda ya san cikinsa.

Shi kansa Microsoft, da ya fara gwajin saka Copilot a cikin gurabun Excel a 2025, ya gargaɗi masu amfani da shi da kada su dogara da shi a lissafin da ke buƙatar daidaito, ko a manyan al'amura irin su rahoton kuɗi.

Mene ne mafita?

Babu mai cewa a koma ga biro da takarda. Binciken da Farfesa Raymond Panko na Jami'ar Hawaii ya shafe shekaru yana tattarawa ya nuna cewa mafi yawan manyan jadawalin da aka bincika da kyau ana samun kuskure a cikinsu, ko da makro ko babu. Abin da ke raba ofis da ofis shi ne ko akwai hanyar kama kuskuren.

Mafi sauƙin hanyar ita ce ƙirga. Layi nawa ya shiga, layi nawa ya fita? Jimillar kuɗi nawa ce kafin aiki, nawa ce bayansa? Idan lambobin biyu ba su yi daidai ba, makron ya tsaya ya yi ihu. Wannan gwaji da bai wuce layi uku na umarni ba zai iya bankaɗo irin matsalar Ingila tun ranar farko.

Na biyu, kowace amsar Solver ta fito tare da lambar da ke nuna ko ta cika sharuɗɗa, a ajiye ta a gefenta inda kowa zai gani.

Na uku, a gwada makro da ƙaramar matsalar da aka riga aka san amsarta, kamar lissafin masara da waken suya na sama, sannan a gwada shi da bayanan da suka ninka na yau da kullum sau goma, domin a san inda zai karye tun kafin ranar.

Na huɗu, wani daban ya duba aikin. A 2010 masana biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun wallafa binciken da ke cewa tattalin arzikin ƙasa na durƙushewa idan bashinta ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da take samarwa. 'Yan siyasa a Turai da Amurka sun kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihu.

Sai a 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts, Thomas Herndon, ya nemi ainihin fayil ɗin, ya ga cewa lissafin matsakaici ya tsallake ƙasashe biyar. Da shi da malamansa biyu suka gyara wannan da wasu abubuwan da suka ƙalubalanta, sai raguwar kashi 0.1 ta koma bunƙasar kashi 2.2. Shekara uku kuskuren na zaune a fili, kuma an kama shi ne kawai saboda an bar wani ya buɗe fayil ɗin.

Na biyar shi ne sanin lokacin da aiki ya fi ƙarfin jadawali. Matsalar da ta wuce iyakar Solver na da wasu hanyoyin, ciki har da OpenSolver, wanda aka ƙirƙira a Jami'ar Auckland ta New Zealand kuma kyauta ne. Bayanan lafiyar ƙasa guda ko albashin dubban ma'aikata kuwa wurinsu rumbun adana bayanai ne da aka gina domin hakan.

Birtaniya ba ta rasa dokoki ba a 2020. Bayan da kurakuran lissafi suka tilasta wa gwamnati soke kwangilar layin dogo na West Coast a 2012, an yi bitar yadda ma'aikatu ke tantance lissafinsu, har baitulmalin ƙasar ya fitar da kundin ƙa'idoji a 2015. Duk da haka sakamakon mutum 15,841 ya zube.

Ƙa'idar da ke cikin kundi ba ta aiki sai an samu wanda aka ɗora wa alhakin dubawa, aka kuma ba shi lokacin yin hakan. A ofisoshi da dama ana yaba wa wanda ya mayar da aikin kwana biyu na minti biyar, amma ba a ware ko awa ɗaya daga lokacin da aka samu domin a tantance abin da ya fito.

Duk shugaban da aka kawo wa rahoton da makro ya haɗa yana da damar yin tambaya ɗaya kafin ya sa hannu: idan wannan lissafi ya yi kuskure gobe, ta yaya za mu sani? Idan babu wanda ya iya amsawa, to rahoton bai kai a sa masa hannu ba tukuna.